Idan ƙaramar tarakta ta ƙi tashi: yadda ake gano matsalar wuta da ta caji

Ƙaramar taraktar lambu, mai kujera ɗaya da taya huɗu, 'yar Amurka ce a asali. Can ta yi suna tun shekarun 1960 wajen yankan ciyawa da kaftun ƙananan filaye, ɗauke da injinan kamfanoni irin su Kohler da Briggs & Stratton. Tsarin wutar da ke cikinta kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu, domin kusan shi ne a injin ban-ruwa na fadama da janareta da ƙaramin injin huɗa mai shan fetur, waɗanda da yawansu aka kwaikwayo daga samfurin GX da Honda ta fito da shi a 1983. Wannan bayani bai shafi masu shan dizal ba, tunda su ba sa aiki da filogi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk wanda ke riƙe da irin wannan inji ya san kuɗin da yake ci kafin ya motsa. Matashin da ya karɓi nasa rance, ko ya samu a rabon gwamnati, ba shi da sararin sayen kayan gyara da ka. Amma abin da aka saba gani ke nan: inji ya ƙi tashi, a sayo filogi, a sayo koyil, a sayo batir, daga bisani a tarar waya ɗaya ce ta goge take taɓa ƙarfe. Kafin nan mako guda na damina ya wuce.

Wane irin inji ne a gabanka?

Wannan ce tambayar farko, kuma ita aka fi tsallakewa. Hanya biyu injinan nan ke samar da tartsatsin da ke kunna fetur. A ta farko, wadda ake kira maganeto, akwai maganaɗisu a jikin filawil, wato babban faifan ƙarfen nan mai fukafukai da ke juyawa da inji. Duk lokacin da maganaɗisun ya gifta ta gaban koyil, sai koyil ɗin ya haifar da wutar da za ta tafi filogi. Ba ya neman komai daga batir. Idan an tashi kashe shi, makulli kan haɗa wata siririyar waya da ke fitowa daga koyil da ƙarfen jikin inji, wutar ta zurare nan, inji ya mutu.

A hanya ta biyu, wadda ke cikin tsofaffin injinan Kohler da yawa, batir ne ke ciyar da koyil da wuta mai ƙarfin bol 12, kwantak yana buɗewa yana rufewa don ya saki tartsatsi a kan kari. Shi wannan yanke masa wuta ake yi idan za a kashe shi.

Bambancin yana da tsada ga wanda bai san shi ba. Makullan iri biyun sun yi kama ƙwarai, har sukan shiga soket ɗaya. A bayan na maganeto za a ga harafin M a kan ɗaya daga cikin ƙafafunsa, a bayan ɗayan kuma harafin I. Wanda ya ɗaura makulli mai I a injin maganeto ya tura wutar batir cikin koyil ɗin da ba a yi shi don ya karɓe ta ba, kuma nan take yake iya ƙonewa. Sau da yawa sabon koyil da aka ce jabu ne, makullin da aka canja ne ya kashe shi.

Neman tartsatsi

Idan kik yana juya inji amma bai kama ba, a cire filogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina gindinsa da ƙarfen inji nesa da ramin da ya fito, sannan a juya. Tartsatsi ya kamata ya riƙa fita a jere ba yankewa. Tazarar bakin filogi a yawancin injinan nan tana tsakanin milimita 0.7 da 0.8. Idan babu wuta, a gwada wani filogin da aka tabbatar yana aiki, don shi ne mafi arha a duk jerin abubuwan zargi.

Idan har yanzu shiru, a injin maganeto sai a zare siririyar wayar nan ta kashewa daga jikin koyil, a sake juyawa. Wannan gwaji ɗaya ya raba gardama. In wuta ta dawo, koyil lafiyarsa ƙalau, laifin yana wajen makulli, ko wayar da ta goge, ko ɗaya daga cikin maɓallan kariya. Taraktar lambu tana da su a ƙarƙashin kujera da jikin birki da wajen sandar da ke kunna wuƙa. Wasu suna hana kik juyawa, wasu suna kashe tartsatsi. Injinan samfurin Honda da yawa kuma suna da na'urar da ke ɗauke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, shi ya sa duba mai ya kamata ya riga kwance komai. A tuna cewa muddin wayar nan tana zare, makulli ba zai kashe inji ba, don haka a saki giya, a kashe wuƙa, a san inda famfon fetur yake. Al'adar ɗaure maɓallin kujera har abada don a huta da shi, ganganci ne: shi ne ke tsayar da wuƙa idan direba ya faɗo.

In kuwa an zare wayar wuta ba ta zo ba, to yanzu ne koyil ya shiga zargi. Ko a nan ma a fara duba tazarar da ke tsakaninsa da filawil, wadda a injinan Briggs da yawa ba ta wuce milimita 0.25 zuwa 0.35 ba, kimanin kaurin katin gayyata. Koyil mai shirin mutuwa yana da wata ɗabi'a: inji ya tashi da safe, ya yi zafi ya mutu, ya huce ya sake tashi. A tsohon inji mai kwantak, datti a bakin kwantak da lalacewar kwandansa su ne kan gaba.

Akwai kuma inji mai wuta mai kyau da fetur, amma yana tari yana harbin baya. A nan a duba ɗan ƙaramin ƙarfen da ke riƙe filawil a mazauninsa a kan sandar inji. Idan ya tsage, filawil ya goce, tartsatsi zai riƙa zuwa ba a lokacinsa ba.

Batirin da ba ya cika

A ƙarƙashin filawil akwai wani zobe mai naɗe-naɗen waya, shi ne koyil ɗin caji. Wutar da yake bayarwa mai kai-da-komo ce, batir kuwa mai tafiya hanya ɗaya yake karɓa, don haka sai ta bi ta rektifaya, wanda a manyan injina shi ne kuma ke hana ta wuce kima.

Mitar gwajin wuta ta isa wannan aiki. Cikakken batir da ya huta yana nuna bol 12.6 ko kusa da haka. A tada inji, a ba shi wuta sosai, a sake aunawa: ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.7 a injin da ke da mai daidaita caji. Idan ba ta motsa ba, caji ba ya isowa. Idan ta haura 15, caji ya yi yawa, kuma ruwan batir zai riƙa ƙonewa, abin da zafin bazara ke ƙara gaggautawa.

Mataki na gaba shi ne a zare wayoyi biyun da ke fitowa daga koyil ɗin caji, a mayar da mita wajen da aka rubuta AC, a auna tsakaninsu inji yana gudu. A injinan Kohler da yawa ana sa ran bol 28 ko fiye a cikakken gudu, wato juyi 3,600 a minti. In an samu haka, koyil ba shi da laifi. In ba a samu ba, ko naɗin ya ƙone, ko maganaɗisun da aka manna a cikin filawil sun saki.

Kafin a yanke wa rektifaya hukunci, a duba fis, a duba wayar da ke kai wuta batir, wadda a taraktoci da yawa ta cikin makulli take bi, sannan a kwance rektifayan a goge mazauninsa. Ta jikinsa yake haɗuwa da ƙarfen inji, kuma tsatsa ko fenti a wurin kan hana shi aiki alhali lafiyarsa lau. Kada a cire kan batir inji yana gudu wai don a gani ko yana caji. Wannan dabara da aka gada daga tsofaffin motoci tana iya ƙona rektifaya, haka ma juya kan batir ko da na ƙiftawar ido ne.

Wani zai ce ina ruwan maganeto da batir, tunda shi ke yin wutarsa? A taraktoci da yawa akwai wata 'yar na'ura a ƙasan kafireto da ke buɗe hanyar fetur da wutar batir. Ranar da caji ya tsaya batir ya zube, sai ta rufe, inji ya mutu a tsakiyar aiki alhali tartsatsi yana nan. Alamarta ita ce ɗan ƙaran "ƙas" da ake ji daga ƙasan kafireto idan an murɗa makulli. In ba a ji shi ba, a auna batir kafin a kwance kafireto.