Shunin Ƙofar Mata da Abin da Baeyer Ya Gano

Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a shekarar 1851, ya tarar da rini na cikin manyan sana'o'in birnin, har tufafin da aka rina suna kaiwa Timbuktu da Tarabulus. Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ke danganta kafuwar karofinsu da shekarar 1498, sun daɗe da sanin yadda ake haɗa baba da toka da katsi a rijiya, a bar su kwanaki har ruwan ya nuna. Sun kuma san cewa zane yakan fito daga ruwan da launin kore mai ratsin rawaya, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi.

Bajamushen masani Adolf von Baeyer ne ya fayyace ginin molekul ɗin shuni a 1883. Molekul dai gungu ne na ƙwayoyin zarra da suka ɗaure da juna ta hanyar tarayya a kan ilektaron. Na shuni yana da zarra 30: kabon 16, haidirojin 10, naitirojin 2, oksijin 2. Rabi biyu ne masu kama da juna, ɗauri mai ninki biyu ya haɗa su a tsakiya. A wannan siffa ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya shiga zare. A cikin rijiyar, ƙwayoyin bakteriya ne ke ƙara masa ilektaron, kaifin toka ya sa ya narke, ya ratsa auduga. Da an fito da zanen, oksijin na iska ya ƙwace abin da aka ƙara, shuni ya koma yadda yake, ya maƙale tsakanin zaruruwa.

Maƙalewa ce kawai; babu ɗauri mai ƙarfi tsakaninsa da audugar. Shi ya sa turkuɗin Kura yake zuba a fatar Buzaye, abin da su ba su ɗauka aibi ba.

Sanin ginin ya zo wa manoman baba da hasara. A 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya noman baba a Indiya ya durƙushe. Baeyer ya karɓi kyautar Nobel a 1905. Molekul ɗin da ke wandon jins na yau shi ne dai wanda ke cikin rijiyoyin Ƙofar Mata.