Masara da Takin Zamani a Ƙasar Funtuwa da Zazzau

Kafin shekarun 1970, masara ba ta cikin manyan amfanin gona a ƙasar Hausa. A bayan gida ake shuka ta, inda shara da kashin dabbobi suka ƙosar da ƙasa, a gasa ta ko a dafa tana ɗanya kafin gero ya nuna. Dawa da gero ne ke cika rumbu, domin suna haƙuri da ƙasar da ta gaji. Masara kuwa in ta rasa sinadarin naitirojin sai ganyenta ya yi ɗorawa, ta tsumbure, goyonta ya ƙanƙance, wuta-wuta ta samu wurin zama.

Al'amarin ya sauya bayan buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aka yaɗa farar masara mai suna TZB, wadda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, aka fasa hanyoyin ƙauyuka, malaman gona suka shiga karkara. Daga 1976 gwamnatin tarayya ta riƙa ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin buhun taki. Wannan rangwame, fiye da komai, shi ya fitar da masara daga bayan gida zuwa manyan gonakin Funtuwa, Giwa, Soba da Saminaka.

Shawarar da aka saba ji daga masana aikin gona a Samaru ita ce kimanin kilo 120 na naitirojin a kowace hekta, a raba shi biyu: kamfa da wuri, yuriya kuma bayan kamar mako shida. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin. Sai dai buhunan ba ɗaya suke ba wajen biya. Na farko shi ke ƙara hatsi sosai, na bayansa ya ƙara ƙasa da haka, har a kai buhun da masarar da ya haifar ba ta mayar da kuɗinsa. Saboda haka yawan takin da ke ba da amfani mafi yawa ya zarce wanda ke ba da riba mafi yawa, kuma iyakar tana matsawa ne da farashin taki da na masara a kasuwa. Muddin taki na da araha, manomi bai cika jin wannan bambanci ba.

Ya ji shi da aka janye rangwamen a 1997, ga masana'antar yuriya ta NAFCON da ke Onne tana durƙushewa a ƙarshen shekarun 1990. An dawo da tallafin a 1999, amma na kashi 25 cikin ɗari kawai. Ƙananan manoma da yawa suka rage abin da suke zubawa, wasu suka koma dawa, wasu suka riƙa haɗa takin zamani da na gida, ko su juya gonar tsakanin masara da waken suya, wanda saiwarsa ke tara naitirojin daga iska.