Tarihin Kwalejin Emerson, Makarantar Koyon Magana

A ƙasar Amurka, a gefen teku ta wajen gabas, akwai wani tsohon birni da ake kira Boston. A nan ne cikin shekarar 1880 wani malami mai suna Charles Wesley Emerson ya buɗe wata 'yar ƙaramar makaranta, ba ta gwamnati ba, da almajirai goma rak. Shi kuwa da ma mai wa'azi ne, ya san yadda mutum kan cika da ilmi amma ya tsaya gaban jama'a bakinsa ya mutu. Saboda haka abin da ya sa gaba shi ne koya wa mutane sarrafa murya, da karatu a bayyane, da tsara magana yadda za ta shiga kunne.

A zamanin nan babu rediyo, babu na'urar ƙara murya. Wanda duk zai yi lacca, ko wa'azi, ko wasan kwaikwayo, sai ya dogara ga ƙirjinsa da harshensa har na bayan taro ya ji. Don haka sana'ar ta yi kasuwa. A 1881 aka sa wa makarantar sunan Monroe, malamin da ya koyar da Emerson, sa'an nan daga baya aka mayar da ita ga sunan mai ita. Shi kansa ya rasu a 1908, makaranta kuwa ta ci gaba a hannun almajiransa.

Ana nan sai zamani ya juya. Cikin 1920 aka fara watsa shirye-shirye ta rediyo a Amurka, mutum guda ya zauna a ɗaki ya yi magana a hankali, dubbai su ji shi. To, ina amfanin koyon ɗaga murya? Makarantu da yawa na wannan fanni suka dushe. Amma shugabannin Emerson suka lura cewa na'ura tana kai magana nesa ne kawai, ba ta gyara ta. A 1932 suka soma koyar da aikin rediyo. A 1939 aka taƙaita sunan ya zama Kwalejin Emerson, gama koyarwarta ta wuce lacca kaɗai. A 1949 kuma ta kafa tashar rediyo ta kanta, WERS, inda almajirai ke karanta labarai da sa waƙoƙi, jama'ar gari na saurare. Bayan wannan aikin talabijin ya biyo, da na sinima.

Duk da haka wahala ba ta ƙare ba, domin makarantar da ba ta cin kuɗin gwamnati da kuɗin almajirai take rayuwa. Cikin shekarun 1980 aka yi shawarar a tashe ta daga Boston a kai ta garin Lawrence, can arewa, inda fili ya fi araha. Aka sha gardama da shari'a a kan filin, kuɗi suka yi ta zuba, daga ƙarshe aka fasa. Maimakon haka sai kwalejin ta koma unguwar gidajen wasan kwaikwayo a tsakiyar Boston, wadda a lokacin ta lalace. Da ma ta sayi tsohon gidan wasa na Majestic a 1983, sai ta gyara shi, ta yi ta sayen gidaje kewaye da shi, har unguwar ta farfaɗo. Tana kuma da reshe a wani tsohon gidan sarauta a ƙasar Holan, da wani a Los Anjalus, birnin masu sinima, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2014.

Mai karatu, dubi wannan al'amari. Kayan aiki sun sake sau da yawa tun daga 1880, har ga shi an kai zamanin intanet. Amma abin da aka fara da almajirai goma, watau mutum ya san abin da zai faɗa, ya kuma faɗe shi yadda za a gane, shi ne har yanzu ake zuwa nema a wannan makaranta.