Mai Tsaron Ƙofa Ɗaya: Yadda PAM Ya Shigo Linux

Tun farkon shekarun 1960, lokacin da Fernando Corbató da abokan aikinsa a MIT ta Amurka suka gina tsarin CTSS, ake tambayar mai son shiga kwamfuta kalmar sirri. Unix ya gaji wannan al'ada, amma da rauni guda: kowace manhaja da ke karɓar baƙo, irin su login da su da ftpd, ita ce ke duba kalmar sirrin da kanta. Idan hukuma ta so sauya hanyar tantancewa, ta koma Kerberos misali, dole a gyara kowace manhaja a sake harhaɗa ta.

A 1995 Vipin Samar da Charlie Lai na kamfanin Sun Microsystems suka kawo mafita mai suna PAM. Manhaja ta daina bincike da kanta, sai ta miƙa tambayar ga ƙunshi ɗaya na gama-gari, shi kuma ya kira ƙananan sassan da mai kula da sabar ya jera masa. A watan Oktoba na shekarar aka wallafa tsarin a takardar RFC 86.0 ta Open Software Foundation, a watan Agustan 1996 kuma ya bayyana a Red Hat Linux 3.0.4. Mu 'yan Briqueterie a Yawunde ba baƙi ba ne ga wannan dabara: a zangon Hausawa ba kowane mai kaya ne ke binciken bafatake ba, maigidan da ya sauke shi ne ke tsaya masa.

PAM ya raba aikin gida huɗu: tabbatar da ko wane ne mutum, duba ingancin asusunsa, sauya kalmar sirri, da shirya zamansa. Ana rubuta ƙa'idojin a fayilolin da ke cikin /etc/pam.d, kowane layi yana ambaton sashe ɗaya da nauyin hukuncinsa.

Sauƙin nan ne ya haifi haɗarin da ɗalibi ya kamata ya sani. Girka sabon sashe, kamar libpam-google-authenticator a Debian ko Ubuntu, umarnin apt ɗaya ne, sannan a ƙara layi a fayil. Cirewa ce ke cin mutane. Wanda ya cire ƙunshin ya bar layin da ya rubuta da hannunsa, alhali layin na cewa sashen wajibi ne, ya rufe ƙofa ga kowa, har da kansa. PAM zai nemi sashen ya rasa, ya ƙi duk mai shigowa. Idan sabar tana wata ƙasa, nan ido zai raina fata.

Masu Debian da Ubuntu sun rage wannan matsala da pam-auth-update, wanda ke gyara fayilolin gama-gari idan an girka ko an cire ƙunshin da ya yi rajista da shi, amma ba ya share layin da aka saka da hannu a fayil irin na sshd. A ganina shi ya sa tsohuwar ƙa'idar masu kula da sabar ba ta tsufa ba: a fara goge layin kafin a cire ƙunshin, a bar zaman root ɗaya a buɗe, domin PAM ba ya korar wanda ya riga ya shiga, sannan a gwada shiga ta wata tagar kafin a rufe ta farko.