Dakta Lambo da Ƙauyukan Aro

'Yan uwa marubuta, a yawancin labaranmu mai taɓin hankali ba shi da ko suna. Ko dai yana yawo a bola, ko yana ɗaure a mari. Tarihin Aro zai sa mu sake tunani.

A zamanin Turawa, gidajen mahaukata irin na Yaba, da aka buɗe a 1907, kusan kurkuku ne: a kulle mutum, kowa ya huta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatu a Ingila, ya zo da wata dabara a asibitin Aro da ke Abeokuta. Ya roƙi mutanen ƙauyukan kewaye su ba majinyata hayar ɗakuna. Kowane majinyaci da ɗan uwansa yake zuwa, uwa ko inna ko yaya, wanda zai yi masa girki, wanda kuma ya san halinsa tun kafin ciwo. Wannan a ganinmu shi ne ƙashin bayan tsarin. Da rana a karɓi magani a asibiti, da yamma a koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin.

Daga baya Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ba a sauya ta ba sai a 2023.