Yarinyar Tanti: shekara 30 cikin kushewa babu suna

Mu da ke aikin gidan radiyo, da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu karanta cigiya ba. Wani ya yar da katin ɗan ƙasa a tasha, wani tunkiyarsa ta tsinke, wata ɗanta ya ɓace mata ranar kasuwa. Galibi kafin magariba an dace. Amma akwai wata cigiyar mai nauyi a baki, ta mutumin da ya fita da ƙafarsa aka shekara, aka shekara biyar, babu waya, babu saƙo, babu gawa. Iyalinsa ba su yi zaman makoki ba, kuma ba su daina sauraren sallama a ƙofar gida ba. Don irin waɗannan gidajen muka ɗauko tarihinmu na yau. A Amurka abin ya faru, kuma wanda ya warware shi lebura ne a masana'anta, bai taɓa sa kakin ɗan sanda ba.

Ranar 17 ga watan Mayu 1968, wani mai haƙar rijiya yana tafe a bakin hanya kusa da garin Georgetown, cikin jahar Kentaki, sai ya ci karo da wani ƙunshi na koren tamfol an ɗaure shi tam da igiya. Da ya taɓa shi da ƙafa, ƙunshin ya gangara, sai ga siffar mutum. Gawar mace ce, ta riga ta fara ruɓewa, babu takarda ko wani abin da zai nuna ko wace ce. Tamfol ɗin irin wanda masu yawon wasanni gari-gari ke naɗe tantinsu da shi ne, shi ya sa ƴan jarida suka laƙaba mata suna Yarinyar Tanti.

Ƴan sanda sun yi iya nasu. An zana fuskarta an baza a jaridu, an faɗi cewa gajeruwa ce, tana da wushirya. Sai dai awon farko ya ce shekarunta tsakanin 16 da 19 ne, don haka aka dinga biɗarta cikin jerin ƴan matan da suka gudu daga gida. Alhali shekarunta 24, matar aure ce, har da goyo. Kun ga yadda kuskure ɗaya a takarda ke karkatar da bincike gaba ɗaya. Da aka gaji, a 1971 aka rufe ta a maƙabartar Georgetown, aka kafa mata dutse ɗauke da zanen fuskarta, da ranar da aka tsince ta, da wancan laƙabin a madadin suna.

Shi mai haƙar rijiyar abin bai bar ransa ba, duk inda ya zauna sai ya ba da labarin. A 1987, wani saurayi ɗan shekara 17 mai suna Todd Matthews, ɗan garin Livingston a jahar Tenesi, yana neman ɗiyar wannan dattijo, sai ya ji labarin a bakinta. Ya aure ta, ya kuma gaji damuwar surukinsa. Shi kansa yana da ƴan uwa biyu da suka rasu suna jarirai, ya saba zuwa kushewarsu, ya san inda suke kwance da sunayensu. Ya kasa gane yadda za a ce mutum yana da uwa da uba amma dutsen kansa babu suna.

Shekara 10 ya kwashe a kai. Da rana yana aiki a masana'antar kayan mota, in ya tashi sai ya shiga rubuta wasiƙu, yana buga talho ga ƴan sanda da ƴan jarida, yana tonon tsofaffin jaridu. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa ko dala. Da intanet ta fara shiga gidajen mutane, ya tara kuɗi ya sayi kwamfuta, ya koma bin sanarwar cigiya ɗaya bayan ɗaya har tsakar dare.

A watan Janairu 1998 ya faɗa kan wata cigiya. Wata mata ce a jahar Akansas ke biɗar yayarta, wadda aka daina jin ɗuriyarta tun ƙarshen 1967, kuma ganin ƙarshe da aka yi mata a birnin Lexington ne. Tsakanin Lexington da Georgetown bai wuce kilomita 20 da ƴan kai ba. Tsayi ya yi daidai, launin gashi ya yi daidai, lokaci ya yi daidai. Nan ne Matthews ya yi abin da ya kamata mu riƙe. Bai fito ya yi shela cewa ya gano ta ba. Ya tuntuɓi matar, suka gwama bayanai, sannan aka kai maganar gaban hukumar yankin. A watan Maris aka tone kushewar, aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, wato ADN, aka gwada da na ƙanwar. A watan Afrilu 1998 sakamako ya fito: Yarinyar Tanti ita ce Barbara Ann Hackmann Taylor, haifaffiyar 1943.

To ina danginta suke duk wannan tsawon lokaci? Ba su manta da ita ba. Mijinta mai bin masu yawon wasanni ne, yau suna nan gobe suna can, har dangi ba su san sun koma Kentaki ba. Da ta ɓace, ya ce musu ta gudu ne ta bi wani namiji. Zargin ƴan sanda ya karkata kansa daga baya, amma ya mutu tun 1987, ba a taɓa gurfanar da kowa gaban shari'a ba. Ke nan shekara 30 ɗiyarta da ƴan uwanta suna ɗauke da labarin cewa ta watsar da su, ita kuwa tana kwance cikin ƙasa. Dangin sun bar ta a maƙabartar da ta riƙe ta, suka ƙara wani dutse ƙarƙashin na farko, aka rubuta sunanta na gidan ubanta.

In muka duba da kyau, takardu biyu ne suka warware wannan al'amari. Ta farko waɗanda suka tsinci gawa suka rubuta ta: rana kaza, wuri kaza, tsayi kaza, wushirya. Ta biyu waɗanda suka rasa mutum suka rubuta ta: sunanta wance, ga kamanninta, ga inda aka gan ta ƙarshe. Kowace tana ajiye a nata gari, babu wanda aikinsa ne ya haɗa su. Abin da Matthews ya yi shi ne ya ɗauki wannan ya kai wa waccan. Da ɗaya daga cikinsu ba a rubuta ta ba, da haƙurinsa na shekara 10 ya tashi a banza.

Labarin ya zaburar da mutane da dama. A Amurka, gawar da ba a san mai ita ba ana kiranta John Doe in namiji ne, Jane Doe in mace ce, kamar dai mu ce wane da wance. A 1999 aka kafa Doe Network, ƙungiyar ƴan sa-kai masu tattara bayanan gawarwakin da ba a gane ba da na mutanen da suka ɓace, suna gwamawa, in sun ga kama su miƙa wa ƴan sanda. Matthews ya kasance cikin jagororinta. Aikin kuwa ba kaɗan ba ne: wani rahoton ma'aikatar shari'ar Amurka na 2007 ya ce kowace shekara ana samun gawa wajen 4,400 da ba a san masu su ba, kuma kusan 1,000 na nan babu suna ko bayan shekara guda. A wannan shekarar ce gwamnati ta buɗe rumbun bayanai na ƙasa mai suna NamUs, wanda ke ajiye takardun nan biyu wuri ɗaya. Daga baya aka ɗauki tsohon leburan masana'antar aiki a can. Ya rasu a watan Janairu 2024 yana da shekara 53.

Akwai wani misalin mai kama da wannan. A jahar New Hampshire an tsinci tano biyu na ƙarfe cikin daji, ɗaya a 1985 ɗaya a 2000, ɗauke da gawar mace guda da ƴan mata ƙanana uku. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a jahar Connecticut, a lokacin hutunta, ta bi tsofaffin cigiyoyin da dangi suka bari a intanet, har ta dace da ta wasu masu biɗar wata mata da ƴaƴanta. Gwajin ADN ya tabbatar, a watan Yuni 2019 hukuma ta bayyana sunan Marlyse Honeychurch da ɗiyanta biyu.

Daga 2017 kuma wata sabuwar dabara ta shigo. Wasu mata biyu masana salsala, Colleen Fitzpatrick da Margaret Press, suka kafa DNA Doe Project. Ana ɗaukar ADN na gawa, a gwada shi da na mutanen da suka sa nasu a intanet don neman asalinsu. In aka sami ɗan uwa ko na nesa ne, sai ƴan sa-kai su bi zuriyar, kaka da kakanni, wa ya haifi wa, har su iso kan wanda ya ɓace. Irin aikin da tsofaffinmu ke yi da ka in ana warware dangantaka wajen biki, su da takardun haifuwa da na aure suke yin shi. Nasararsu ta farko da aka bayyana ita ce wata budurwa da aka tsinta cikin kwalbatin bakin hanya kusa da garin Troy, jahar Ohayo, a watan Afrilu 1981. Jinin da likita ya ɗiba ya adana tun wancan lokaci shi ya yi rana. A watan Afrilu 2018 aka gane Marcia King ce, ƴar shekara 21. Mahaifiyarta ta ƙi tashi daga gidan da take, ta ƙi sauya lambar talho, shekara 37, ko Allah zai sa ɗiyarta ta kira.

Sai dai fa jama'a, wannan aiki yana da haɗari in ya faɗa hannun mai gaggawa. Bayan harin bam na gasar gudu a birnin Boston a 2013, wasu masu binciken sa-kai sun nuna wani ɗalibi da ya ɓace suka ce shi ne maharin. Ba shi da hannu ko kaɗan, daga baya ma gawarsa aka tsinta, iyayensa suka sha zagi a kan baƙin cikin da suke ciki. Waɗanda suka yi nasara duka hanya ɗaya suka bi: su kai abin da suka gani ga hukuma, su jira gwaji, kuma dangi su fara ji kafin duniya ta ji. Mai watsa hoton gawa a Facebook ko WhatsApp yana cewa wai wane ne, ya sani wata uwa na iya ganin ɗanta a haka cikin salula.

Mu nan ba baƙi ba ne ga kushewa marar suna. Ba mu manta watan Oktoba 2013 ba, da aka tsinci gawa 92 cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen yankin Kance a jahar Damagaram. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su, aka rufe su can inda aka iske su, ƙasa ta yi makokin kwana uku. Su an gan su an ƙirga su. Hanyar Libiya da ta Aljeriya na ci gaba da cin ƴan ci-rani, ga haɗarin mota a kan manyan hanyoyi, ga baƙon da ke faɗuwa a tasha babu kati a aljihu. Kuma rashin tabbas na da nauyi a shari'a: a mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace takan jira shekara 4 bayan ta kai ƙara gaban alƙali, sannan ta yi takaba. Gado na tsaye, aure na tsaye, yara na tambaya.

Gwajin ADN na da tsada, amma takardun nan biyu biro da kaye kawai suke buƙata. Wanda nasa ya ɓace, kada ya tsaya ga cigiyar radiyo kaɗai. Ya je komisariya ko jandarmari a rubuta, ya je wajen Croix-Rouge, suna da sashen sada dangin da suka rabu. A faɗi komi dalla-dalla: zanen fuska, tabo, karayar da ta taɓa samunsa, haƙorin da ya fita, tufar da ya fita da ita, garin da ya yi waya na ƙarshe. In kuma baƙo ya rasu a garinku, gaggauta sutura hakkinsa ne, kun kyauta. Amma a sanar da hukuma, sannan mai gari ko liman ya sa a rubuta rana, da wuri, da kamanni, da abin da aka iske a jikinsa, da daidai inda aka rufe shi, a adana takardar inda ruwa da gara ba za su ci ta ba. Minti goma ne. Mai zuwa biɗarsa na iya zama jaririn da aka bari a goye, kuma sai nan da shekara 30 zai iso.

Allah ya bayyana waɗanda suka ɓace, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba masu jira haƙuri. Wanda ke da cigiya tsohuwa a gidansu, ya sake fito da ita.