Izinin gini a Nijar: takardu da nauyin da doka ta ɗora wa mai gida

Mutane da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna ɗauka cewa da zarar takardar fili ta shiga hannu sai a kira magini. A dokance takardar fili daban, izinin gini daban. Ta farko tana nuna wurin na wane ne, ta biyu tana nuna hukuma ta amince da abin da za a gina a kansa. Dokokin da suka shimfiɗa wannan tsari su ne doka mai lamba 2017-20 ta shekarar 2017 kan tsarin birane, da mai lamba 2018-25 ta shekarar 2018 kan gine-gine da gidajen zama.

Takardar fili

A cikin gari, filin da aka yanka a lotisma yana zuwa da acte de cession, wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa. Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce titre foncier, domin an yi mata rajista da sunan mai ita a littafin filaye na ƙasa. A karkara kuwa, dokar Code rural ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira Cofo, tun daga ƙauye har kumin da gunduma, kuma su ne ke tabbatar da gado, saye ko kyauta a rubuce.

Kafin a biya kuɗi, mai saye ya je da kansa ya duba lambar tsibiri da ta parsel a ma'aikatar magajin gari, don sayar da fili ɗaya ga mutum biyu tsohuwar rigima ce a kotunanmu. Idan filin gado ne, a samu yardar dukkan magada a rubuce. A kuma sa ma'aunin fili ya nuna duwatsun iyaka kafin a haƙa tushe. Wanda ya yi gini a filin wani da saninsa, kotu na iya sa shi rushewa da kuɗinsa.

Yadda ake neman izini

Ana ajiye takardar neman permis de construire a ma'aikatar magajin gari ta wurin da filin yake. Abin da aka saba buƙata shi ne wasiƙar nema, kwafin takardar fili, taswirar da ke nuna inda filin yake a unguwa, taswirar zaman ginin a cikin filin, zanen ɗakuna da fuskokin gida, da ƙiyasin kuɗin aiki. Ma'aikatan tsarin birane suna duba ko ginin bai shiga hanya ko wurin da aka keɓe wa jama'a ba, kamar filin makaranta, kasuwa ko asibiti, da kuma inda aka tanadi shadda da mafitar ruwa. A karɓi rasit na duk kuɗin da aka biya. Wanda ya fara aiki ba izini, ana iya tsayar masa da shi, a ci shi tara, har a rushe abin da ya gina.

Gyaran tsohon gida

Fenti, yaɓe ko sauya kwanon da ya lalace gyara ne na yau da kullum. Amma ɗora bene, ƙara ɗakuna, fasa bangon da ke ɗauke da nauyi ko mai da zaure shago mai ƙofa a bakin titi, duk sauyi ne ga ginin, kuma ana komawa hukuma kafin a taɓa. Ɗora bene ya fi haɗari, tunda tushen da aka haƙa don gidan ƙasa ba lallai ya ɗauki dakali na sama ba. A nan a nemi injiniya ya duba tukuna.

Wuraren da ba a gini

Hanyar ruwa, tsohon tabki da bakin gulbi ba wurin zama ba ne, ko da filin ya yi araha. Ambaliyar 2020 ta cinye unguwannin bakin kogin Kwara a Yamai, ta 2024 kuma ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, a damanar ce kuma tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Haka nan ba a gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarkin NIGELEC.

Wa ke biya idan an samu ɓarna

Kundin Code civil ya fayyace wannan. Aya ta 1386 ta ce idan gini ya rushe ya yi wa wani ɓarna saboda rashin kula ko aibin gini, mai gidan ne ke biyan diyya. Katangar da ta faɗa wa ɗan maƙwabci tana wuyan mai ita, ko da ba shi ya jera bulon ba. Aya ta 681 ta wajabta a karkata indararo yadda ruwan rufi zai zuba a cikin gidan mutum ko a titi, kada ya zuba gidan maƙwabci.

Aya ta 1792 kuma tana kare mai gida: idan ginin da aka yi jinga ya rushe saboda aibin aiki ko na ƙasar wurin, mai zane da ɗan kwangila ne ke da alhaki har tsawon shekara 10. Sai dai kotu tana aiki da hujja. Saboda haka a rubuta yarjejeniya da magini, a sa farashi, wa'adi, irin ƙarfe da simintin da za a yi amfani da su, da yadda za a riƙa biya gwargwadon ci gaban aiki, kowa ya sa hannu gaban shaidu.

Takardar fili, izinin gini, zane, yarjejeniya da rasit, a adana su wuri ɗaya, a kuma ajiye kwafinsu a wani gida dabam. Su ne za a tambaya ranar sayarwa, ranar neman bashin banki da ranar rabon gado.